Kwana Huɗu a Tokyo: Yadda Za Ka Tsara Tafiyar Tun Daga Biza Har Ranar Dawowa

Tokyo ba ta da cibiya guda ɗaya da baƙo zai sauka ya ce ya iso tsakiyar gari. Mutum kusan miliyan 14 ke zaune a cikinta, idan kuma aka haɗa da garuruwan da suka manne mata lissafin ya haura miliyan 35. Shinjuku, Shibuya, Ueno, Asakusa, Ginza, kowace unguwa gari ce mai zaman kanta, da babbar tasharta da kasuwanninta. Daga Asakusa da ke gabas zuwa Shibuya da ke yamma ya fi rabin awa a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ban da tafiyar ƙafa a cikin tasha. Wanda ya jera wurare goma sha biyar a takarda ya ce zai bi su yadda ransa ya raya masa, zai koma gida ya fi sanin cikin tarago fiye da garin.

Saboda haka duk tsarin nan a kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya: kowace rana ɓangare ɗaya na gari, manyan wurare biyu ko uku, kuma ka san inda za ka ci abinci da inda za ka yi salla tun kafin ka fita daga ɗaki.

Mataki na farko: zaɓi wata, sannan ka zaɓi ranakun mako

Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ne lokacin furen sakura. Garin kan yi kyau ƙwarai, sai dai furen ba ya daɗewa a cike, ranar buɗewarsa tana sauyawa daga shekara zuwa shekara, kuma kuɗin otal kan yi tashin gwauron zabi. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu Japanawa na dogon hutu, jirage da otal duk a cike. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce. Agusta zafi ne mai gumi, ma'auni kan kai 35, kuma kada ka ce ai ka saba da zafin Sakkwato, domin nasu iska ce mai danshi wadda gumi ba ya bushewa a cikinta. Daga Agusta zuwa Oktoba ana iya samun guguwar teku da ke tsayar da jirage. Daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu wurare da yawa a rufe suke.

Ni da za a bar mini zaɓi, Nuwamba zan ɗauka, ko tsakiyar Mayu bayan hutun. A Nuwamba sama kan yi garau, sanyin bai kai na hunturu ba, zuwa ƙarshen watan kuma ganyen itatuwa ya rine ja da rawaya. Illarsa ɗaya, rana kan faɗi da wajen ƙarfe huɗu da rabi, don haka sammako dole ne.

Ranakun mako su ne abin da mutane suka fi mantawa. Yawancin gidajen tarihi ba sa buɗewa ran Litinin. Lambun fadar sarki a rufe yake Litinin da Juma'a. Shaguna da yawa a kasuwar Tsukiji ba sa fitowa Lahadi, wasu har da Laraba. Idan ka haɗa waɗannan da sallar Juma'a, tsarin da ya fi zama daidai shi ne ka sauka Litinin, ka yi yawonka daga Talata zuwa Juma'a, ka taso Asabar. Da tafiya da dawowa, mako guda cur za ka nema a wurin aiki.

Mataki na biyu: rubuta jadawali kafin ka nemi biza

Ɗan Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan, duk sai da biza. Ta gajeren zama ake nema, wadda ba ta wuce kwana 90 kuma ba a yin aiki da ita. Ofishin jakadancin Japan a Najeriya yana Maitama a Abuja. Harkokin Nijar ofishinsu na Abijan ne ke kula da su, na Chadi kuma na Yawunde. Ka buɗe shafin ofishin da ya shafe ka ka ga inda ake karɓar takardu a halin yanzu da abin da ake biya, kar ka dogara da maganar ɗan tsakani.

Takardun da aka saba nema su ne fasfo, fom da hoto, bayanan asusun banki, wasiƙar wurin aiki ko shaidar kasuwanci, shaidar kama kujera a jirgi, da jadawalin zama. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ya kamata ka zauna ka yi da kanka. Takarda ce da ake rubuta kowace rana a layinta: kwanan wata, abin da za ka yi, inda za ka kwana, da lambar wayar wurin. Jadawalin da ya ce safe Asakusa, rana Ueno, dare otal kaza, ya nuna mai shi ya san abin da zai je yi. Wanda ya ce safe Tokyo, rana Kyoto, dare dutsen Fuji, ya nuna kwafowa aka yi. Kuɗin da ke asusunka su dace da tsawon zaman, kuma kuɗin da aka zuba dare ɗaya ana gobe za ka kai takardu sun fi jawo tambaya fiye da amsa. Ka kama otal irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, ka shigar da takardu aƙalla wata guda da rabi kafin tafiya.

Mataki na uku: jirgi da filin sauka

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Japan. Za ka bi ta Doha, Dubai, Istambul, Alƙahira ko Adis Ababa. Jirgin Habasha kan yada zango a Koriya ta Kudu kafin ya ƙarasa. Duk hanyar da ka bi, ka sa ran awa 20 ko fiye idan aka haɗa da jira. Agogon Japan yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 8, na Gana da awa 9, don haka daren farko barci zai yi maka gardama. Ka daure kar ka kwanta da rana a ranar da ka sauka.

Filayen jirgi biyu ne. Haneda yana bakin gari, jirgin Keikyu zai kai ka Shinagawa, mai tafiya kan dogo ɗaya kuma ya kai ka Hamamatsucho, duk cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Narita yana da nisan kilomita kusan 60. Daga can jirgin ƙasa na Skyliner na kai wa Ueno cikin kimanin minti 45, Narita Express kuma tashar Tokyo cikin kusan awa ɗaya, ya wuce Shibuya da Shinjuku. Tasi daga Narita ta haura yen 20,000 (yen shi ne kuɗin Japan), ka manta da ita. Idan farashin tikiti bai bambanta sosai ba, ɗauki Haneda. Ka kuma lura da lokacin sauka, domin jiragen ƙasa kan tsaya da wajen sha biyun dare sai kusan biyar na asuba.

Mataki na huɗu: masauki

Ka kama otal ɗaya ka zauna a ciki har ka tashi. Sharaɗi mafi girma shi ne kada ya wuce tafiyar minti bakwai zuwa tasha. Yankin Ueno, Okachimachi da Asakusa ya fi dacewa da baƙon da ya zo karon farko: ya fi Shinjuku da Ginza sauƙi, Skyliner na ajiye ka a ƙofa, akwai masallatai da gidajen abincin halal a kusa. Ƙananan otal na 'yan kasuwa irin su Toyoko Inn, APA da Dormy Inn suna da tsabta, amma ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, wani lokacin sai ka tura akwati gefe kafin ka shimfiɗa darduma. Duba faɗin ɗakin a shafin kafin ka biya, ka kuma rubuta ainihin yawan mutanen da za su kwana, domin da yawan mutane ake lissafi. Ana ba da ɗaki da ƙarfe uku na rana, ana fita da goma ko sha ɗaya na safe, kuma ba sa sassauci a kan wannan. Jaka dai za su ajiye maka kyauta.

Mataki na biyar: abin da za ka ɗauka da abin da za ka bari a gida

Kilishi, dambun nama, tsire, busasshen nama, duk ka bar su. Japan ta hana shiga da kayan nama irin waɗannan, ko da guzuri ne ko tsaraba, kuma akwai karnukan da ke sansanar jakunkuna a wurin ɗaukar kaya. Hukuncin na iya kaiwa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu su ma sai da takardar duba lafiyar tsirrai, don haka ɗanyen goro ma ka haƙura da shi.

Magunguna su ma akwai tsanani. Wasu magungunan tari da mura masu ɗauke da kodin ko sinadarin buɗe hanci suna ƙarƙashin doka mai tsauri. Maganin da likita ya rubuta maka ka ɗauki na abin da bai wuce wata guda ba, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likitan. Tsabar kuɗin da suka haura yen miliyan 1 sai an bayyana su ga kwastan.

Abin da za ka ɗauka kuwa: takalmin da ƙafarka ta saba da shi kuma mai sauƙin cirewa, safa marasa huji, ƙaramar darduma mai naɗewa, batirin ajiya na waya, da mahaɗin soket mai faffaɗan ƙafa biyu. Wutarsu bolt 100 ce. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna karɓa, dutsen guga da butar lantarki na gida kuwa ba za su yi abin kirki ba. Ka sayi inshorar tafiya, domin asibiti ga baƙo da tsada.

Kafin ka tashi, ka cike bayananka a shafin Visit Japan Web, ka ɗauki hoton lambar QR da zai ba ka. Ita za ka nuna wa jami'an shige da fice da na kwastan. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka biyu. Daga nan fasfonka ya zauna a jikinka ko'ina za ka je, doka ce, kuma ɗan sanda na da ikon tsayar da kai ya nema. Intanet ma ka gama da shi tun a gida ko a filin jirgi, ko layin da ake saukewa cikin waya ko ƙaramin akwatin intanet na haya.

Mataki na shida: ka fahimci jirgin ƙasa

Taswirar jiragen Tokyo na tsorata mutum a kallon farko, amma abu uku kawai kake buƙatar riƙewa.

Na ɗaya, layin Yamanote, mai koren launi. Zobe ne mai tasha 30 da ke zagaye tsakiyar gari cikin kusan awa ɗaya, kuma Ueno, Akihabara, Tokyo, Shinagawa, Shibuya, Harajuku da Shinjuku duk a kansa suke. Idan ka rikice, nemi Yamanote.

Na biyu, layukan ƙarƙashin ƙasa 13 ne, 9 na Tokyo Metro, 4 na Toei. Kowane layi da launinsa da harafinsa, kowace tasha da lambarta. A layin Ginza, Shibuya ita ce G01, Ueno G16, Asakusa G19. Ba sai ka iya furta sunan ba, ka bi lamba.

Na uku, katin Suica ko Pasmo. Kana zuba masa kuɗi a na'ura, ka taɓa shi a ƙofar shiga, ka sake taɓawa a ta fita, ya cire abin da ya kamata. Yana aiki a jiragen kowane kamfani, da bas, da kantuna. Akwai na baƙi mai suna Welcome Suica da ke aiki kwana 28, amma ba a mayar da ragowar kuɗin cikinsa, don haka ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Mai iPhone na iya sa Suica cikin wayarsa. Akwai kuma tikitin awa 24, 48 ko 72 na ƙarƙashin ƙasa, yana da arha, sai dai ba ya aiki a Yamanote. Tikitin JR Pass na yawo a jiragen ƙasa a faɗin Japan da za ka ji ana ta zuzutawa kuwa, a Oktoban 2023 na mako guda ya koma yen 50,000. Ga mai kwana huɗu a gari ɗaya asara ce tsagwaronta.

Google Maps na faɗa maka dandamalin da za ka tsaya, da taragon da ya fi kusa da matakala, da lambar ƙofar fita. Wannan lambar ka ɗauke ta da muhimmanci. Tashar Shinjuku na ɗaukar fasinja sama da miliyan 3 a rana, ƙofofinta sun kai 200, kuma fita ta ƙofar da ba ita ba na iya cin minti 20. Ka guje wa jirgi tsakanin bakwai da rabi da tara da rabi na safe idan kana da kaya. A wannan lokacin akwai taragon mata zalla a layuka da yawa, an rubuta alamarsa a ƙasan dandamali.

Talata: gabas

Ka isa Asakusa kafin ƙarfe takwas. Senso-ji shi ne wurin ibadar mabiya Buda mafi daɗewa a garin, tarihinsa ya koma ƙarni na 7, ko da yake babban ɗakin da za ka gani an sake gina shi ne a 1958 bayan bama-baman Maris 1945 sun ƙone na da. Za ka shiga ta ƙofar Kaminarimon mai ƙatuwar jar fitila, ka bi layin shagunan Nakamise mai tsawon mita 250. Da sassafe shagunan ba su buɗe ba, amma wurin naka ne. Zuwa ƙarfe goma sai turereniya. Babu mai tilasta maka shiga ibadarsu, kallo da ladabi ya wadatar. Daura da ƙofar akwai ofishin baƙi da ake hawa bene na 8 kyauta, daga can za ka hango hasumiyar Skytree mai tsawon mita 634. Hoto daga bakin kogin Sumida ya isa, hawanta na cin kuɗi da rabin yini.

Tasha uku a layin Ginza sai Ueno. Gidan tarihin ƙasa na Tokyo, wanda aka kafa a 1872, yana cikin lambun Ueno. Kar ka ce sai ka ga komai. Shiga babban ginin tsakiya, ka ba wa takubba da sulken mayaƙan samurai da tufafi awa biyu, ka fito. Daga nan ka gangara kasuwar Ameyoko da ke bin gindin gadar jirgi har Okachimachi, inda ake ƙwala kiran ciniki kuma akwai rumfunan gasasshen nama na Turkawa. Masallacin As-Salaam na Okachimachi yana kusa. Da yamma tasha ɗaya ce daga Okachimachi zuwa Akihabara, unguwar kayan lantarki. Duk abin da za ka saya ka tambayi wanda aka yi domin ƙasashen waje, in ba haka ba wutarmu ta 230 za ta ƙone shi ranar farko.

Laraba: wajen gari

Kamakura ce zaɓi mafi sauƙi: awa ɗaya daga tashar Tokyo a layin Yokosuka, tsohuwar hedikwatar mulkin soja, da mutum-mutumin Buda na tagulla mai tsayin sama da mita 11 tun ƙarni na 13, ga bakin teku. Mai son hawan dutse ya tafi Takao, mita 599, kusan minti 50 daga Shinjuku a layin Keio. Mai son ganin Fuji, dutsen da ya kai mita 3,776, ya kama bas daga Shinjuku zuwa tafkin Kawaguchiko, kusan awa biyu, kuma sai an kama kujera tun da wuri. Fuji dai yakan shige cikin gajimare yini guda ba a gan shi ba, don haka ka duba hasashen yanayi, idan Talata ce za ta fi haske ka musanya ranakun.

Kyoto fa? Jirgi mai gudu na kai wa cikin awa biyu da kwata, ana iya zuwa a dawo. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Ka bar ta sai wata tafiyar.

Alhamis: tsakiya

Babbar kasuwar kifi ta tashi daga Tsukiji ta koma Toyosu a Oktoban 2018, amma layukan waje na Tsukiji suna nan da rumfunan kifi, wuƙaƙe da ganyen shayi. Je da safe, zuwa ƙarfe biyu an fara kwashewa. Daga nan da ƙafa za ka ratsa Ginza, ka kalli kantunan alfarma ka wuce. Lambun gabas na fadar sarki kyauta ne, kuma nan ne harabar tsohuwar ganuwar Edo, inda gidan Tokugawa ya yi mulki daga 1603 har zuwa lokacin da aka sauya wa garin suna zuwa Tokyo a 1868. Tubalan dutsen ganuwar kaɗai sun isa kallo. Tashar Tokyo mai jan bulo, ginin 1914, tana gaban fadar, kuma akwai ɗakin salla a ɓangaren Marunouchi ta arewa.

Ragowar yinin ka ba wa Nippori, minti goma sha kaɗan a Yamanote. Titi ne mai kusan kilomita ɗaya da shagunan yadi a jere, auduga, lilin, siliki da zane mai zanen Japan. Wanda ya saba da Kantin Kwari zai ji kamar ya zo gida, sai dai nan ba a tayi, farashin da aka rubuta shi ne. Tsarabar iyali daga nan ta fi ta filin jirgi daraja nesa ba kusa ba.

Juma'a: yamma

Meiji Jingu, wurin ibadar addinin Shinto na Japanawa, na buɗewa da fitowar rana. An kammala shi a 1920, kuma dajin da ya kewaye shi shuka shi aka yi da itatuwa kusan 100,000 da jama'a suka bayar daga sassan ƙasar. Tafiya cikin inuwarsa ita ce hutun da ƙafarka ke nema a rana ta huɗu. Titin Takeshita na matasa yana daura da tashar Harajuku, leƙawa ta minti goma ta isa.

Daga tashar Meiji-jingumae da ke gefen Harajuku tasha biyu ce a layin Chiyoda zuwa Yoyogi-Uehara, sai tafiyar minti biyar zuwa Tokyo Camii. Musulmin Tatar da suka gudo daga Rasha bayan juyin juya halin 1917 ne tushen wannan masallaci. An buɗe na farko a 1938, aka rushe shi a 1986 saboda tsufa, aka buɗe na yanzu a 2000 da taimakon Turkiyya, da kubba da hasumiya irin na Daular Usmaniyya. Ran Juma'a yakan cika har waje, ka duba lokacin huɗuba a shafinsu ka zo da wuri. Mata na da wurinsu a sama, akwai kuma kantin kayan halal a harabar.

Bayan salla layin Odakyu zai kai ka Shinjuku. Ginin gwamnatin birni na da ɗakin hange a hawa na 45, mita 202 daga ƙasa, kuma kyauta ne. Bayan magariba ka hau Yamanote tasha uku zuwa Shibuya, ka tsallaka mahaɗar nan da ake tsayar da motoci ta kowane ɓangare jama'a su kwararo lokaci guda. Idan kana son hawa Shibuya Sky, wurin hange na saman wani dogon bene, sayi tikiti ta intanet tun da sauran kwanaki, na faɗuwar rana ba ya jira. Da dare a Kabukicho ko Roppongi, duk wanda ya tare ka a titi yana kiran ka wani gidan shaƙatawa, ko da harshen da ka sani ya yi maka magana, ka ce masa na gode ka wuce.

Abinci da salla

Nan ne shiri ya fi amfani. Naman alade ba a fili kawai yake zuwa ba, yana cikin romon taliyar ramen da yawa, da kitsen suya, da sinadarin daskarar da alewa. Giyar shinkafa, sake da mirin, tana shiga miya da romo da yawa, wani lokacin har shinkafar sushi. Ka haddace alamu biyu: 豚 alade, 酒 giya. Ta biyun za ta cece ka a firjin kanti, inda gwangwanayen giya masu hoton lemo da inabi ke jere kusa da lemon kwalba. Kyamarar manhajar fassara na karanta bayan kwali.

Gidajen abinci masu shaidar halal, har da na ramen da na naman sa na wagyu, sun fi yawa a Asakusa, Ueno da Shinjuku, kuma shafin Halal Gourmet Japan na nuna su a taswira. Ga gidajen Indiyawa, 'yan Pakistan da Turkawa. A Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Shinjuku, akwai lungun da kantunan Musulmi suka taru. Ƙananan gidaje kan rufe tsakanin rana da dare, ka duba lokacinsu. Don karin kumallo, kantunan 7-Eleven, FamilyMart da Lawson, waɗanda galibi ba sa rufewa, na da dafaffen ƙwai, ayaba, madara da dunƙulen shinkafa mai gishiri kawai. Ruwan famfo ana sha.

Alƙibla daga Tokyo tana yamma ne, a ɗan karkata arewa. Lokutan salla na yawo sosai: a Yuni alfijir kan keto kafin ƙarfe uku na dare, a Disamba kuma tsakanin azahar da magariba bai fi awa biyar ba. Narita da Haneda duk suna da ɗakunan salla. Bayan gidansu na da maɓallin fesa ruwa, tsarki ba matsala, amma wanke ƙafa a kwamin wanke hannu na jama'a abu ne da suke ƙyama. Ka fito da alwalarka daga otal, ka kuma tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi kafin ka taso.

Kuɗi, ladabi da ranar tashi

Ka zo da dala ko yuro ka canza, ko katin dala. Na'urorin cirar kuɗi na 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katin waje. Kati na aiki a yawancin wurare, amma ƙananan rumfuna tsaba suke so, ka riƙe yen 10,000 a aljihu. Gajeriyar tafiya a ƙarƙashin ƙasa na farawa daga kusan yen 180, abincin rana mai sauƙi yen 1,000 zuwa 1,500. Ba a ba da tukuici, idan ka bar canji a tebur za a biyo ka da shi. Kuɗi a ƙaramin faranti ake ajiyewa a gaban mai karɓa.

Ba a amsa waya a cikin jirgi, hira ma ƙasa-ƙasa. A matakala mai tafiya da kanta ana tsayawa a hagu. Kwandon shara ya yi ƙaranci a titi, ka riƙe leda a jaka. Inda ka ga takalma a jere a bakin ƙofa, cire naka. Ƙofar tasi direba ke buɗewa daga mazauninsa. Idan wayarka ta yi ƙara mai firgitarwa, gargaɗin girgizar ƙasa ne: ka kare kanka, ka nisanci gilashi, ka yi abin da ka ga mutanen wurin na yi. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119. Abin da ya ɓace maka, ka kai rahoto ƙaramin ofishin 'yan sanda na bakin tasha, sau da yawa ana samu.

Harajin saye kashi 10 ne cikin ɗari a yawancin kaya, kuma baƙo na samun rangwamensa a kantunan da ke da alamar hakan idan sayayyarsa ta kai yen 5,000 ya nuna fasfo. Daga Nuwamban 2026 tsarin shi ne ka biya duka a kanti, a mayar maka bayan kwastan sun tabbatar da kayan a filin jirgi, don haka rasit da kayan su kasance inda hannu zai kai gare su. Ran Juma'a da dare ka auna akwatinka, ka sake duba ko daga Narita ne ko Haneda za ka tashi da kuma lambar tashar jirginka, domin tsakanin filayen biyu ya fi awa ɗaya. Ka bar otal awa huɗu da rabi kafin tashi idan Narita ne, uku da rabi idan Haneda ne, ragowar kuɗin Suica kuma ka kashe su a kantunan filin jirgi.